Gyaran Rediyo da Aikin Dalma: Bayani Kan Sauya Rile, da Darasin Anka da Bukkuyum



1.0 Gabatarwa

Mai yiwuwa wasunku su yi mamakin ganin malamin Hausa ya tsaya zai yi magana a kan wayoyi da ƙarafan cikin akwatin rediyo. Dalilin bai da nisa. Harshe ba ya cika harshe sai ya iya ɗaukar ilmin da mutanensa suke cin abinci da shi. A yau akwai samari masu yawan gaske a ƙasar Hausa waɗanda ke zaune daga safe zuwa yamma da ƙarfe mai zafi a hannu, suna gyaran rediyo da wayar salula da fitilar caji da kayan sola. Galibinsu a hannun ubangida suka koya, da kallo da kwaikwayo. Sun san yadda ake yi, amma ba kowa ne ya sami wanda zai gaya masa, a cikin harshensa, dalilin da ya sa ake yi haka ba.

Saboda haka na zaɓi aiki guda ɗaya tak daga cikin ayyukan mai gyara, watau cire wani ƙaramin makunni da ake kira rile daga cikin rediyo mai aikawa da karɓar magana, da sa sabo a gurbinsa. Za mu bi wannan aiki daga farko har ƙarshe. Daga nan kuma za mu juya ga ƙarfen da ake yin aikin da shi, watau dalma. A nan ne zancen zai kai mu yammacin Jihar Zamfara, ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, domin babu inda aka ɗanɗana ɗacin dalma a wannan zamani kamar can.

2.0 Rediyo Mai Ji da Rediyo Mai Magana

Bahaushe ya daɗe da rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Amurka kuma ta soma Hausa a 1979. Amma duk akwatin da muka saba da shi mai ji ne kawai, ba ya mayar da magana. Akwai kuma wani iri wanda ya haɗa biyu, yana karɓa yana aikawa. Ƙaraminsa shi ne wanda muke gani a hannun 'yan sanda, muna ce masa oba-oba.

A ƙasashen duniya akwai mutanen da suka ɗauki irin wannan rediyo abin sha'awa da neman ilmi, ba don ciniki ba. Suna cin jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira. Lambar mutumin Nijeriya tana farawa da 5N, ta mutumin Nijar da 5U. Tun 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris, kuma an keɓe musu wasu wurare a gajeren zango, alal misali wajen mita 80, da mita 40, da mita 20. Da yawa daga cikinsu da hannunsu suke harhaɗa na'urarsu. Wani Ba'indiye mai suna Ashhar Farhan, mutumin Haidarabad, ya yi suna wajen zayyana irin waɗannan na'urori masu sauƙin kuɗi, waɗanda ya kira BITX. A 2017 ya fito da wadda ake kira uBITX, mai aiki daga megahaz 3 zuwa 30, da ƙarfin da bai wuce wat 10 ko kusa da haka ba.

To, mene ne amfanin wannan ga mutumin Gummi? Amfaninsa yana cikin halin gajeren zango. Saƙon wayar salula dole sai ya bi ta dogon ƙarfen da kamfani ya kafa. In an kashe ƙarfen, magana ta ƙare. Shi kuwa saƙon gajeren zango sama yake tafiya, ya tarar da wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, tsakanin kilomita 100 zuwa 400 daga ƙasa, rufin nan ya tanƙwaro shi ya dawo da shi wani gari mai nisa. Da batirin mota ɗaya, da waya da aka ɗaura tsakanin itatuwa biyu, mutum na iya magana da wanda ke nesa da shi da ɗaruruwan kilomita, ba tare da kowa a tsakani ba. Mutanen Zamfara sun san abin da yankewar magana ke nufi. A farkon Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma a wajen Gusau an yi kusan wata uku kafin a buɗe. Ɗan kasuwa ya rasa jin farashi, mai mara lafiya ya rasa kiran ɗan'uwa, labari kuwa sai daga akwatin rediyo.

Amma fa lalle ne in ja kunne a nan. Sauraro na kowa ne, aikawa kuwa sai da lasisi. Wanda ya kunna na'urar aikawa ba da izni ba ya karya doka, balle a yankin da ake fama da rashin tsaro, inda ganin irin wannan na'ura a hannun mutum kawai ya isa ya jawo masa zargi.

3.0 Rile: Ƙirarsa, Aikinsa, da Yadda Yake Lalacewa

Rediyo mai aikawa da karɓa eriya ɗaya gare shi, amma sassa biyu ne ke bukatarta. Sashen karɓa kamar kunne ne mai tsananin ji, wanda ke aiki da lantarkin da bai kai kashi 1 cikin 100,000 na bolt ba. Sashen aikawa kuwa na'urar wat 10 ma tana fitar da fiye da bolt 20. In aka bar ƙarfin mai aikawa ya faɗa wa mai karɓa, nan take zai ƙone shi. Ashe ke nan ana bukatar mai tsaron ƙofa, wanda zai miƙa eriya ga wannan ya hana wancan, sa'an nan ya juya cikin ƙiftawar ido. Wannan mai tsaron ƙofa shi ne rile.

Rile ba sabon abu ba ne. Tun wajen 1835 wani Ba'amurke mai suna Joseph Henry ya nuna asalin dabararsa, kuma da shi aka riƙa miƙa saƙon wayar tangaraho daga zango zuwa zango. Masu wayarin mota sun san shi sarai, don shi ke ɗaukar nauyin hon da manyan fitilu. In ka fasa shi, abu huɗu za ka gani: naɗin siririyar wayar jan ƙarfe a jikin ɗan guntun baƙin ƙarfe, wani ɗan harshe na ƙarfe mai motsi, ɗan sifirin da ke riƙe da harshen, da kuma haƙora, watau wuraren da ƙarfe ke taɓa ƙarfe wuta ta wuce. Idan wuta ta shiga naɗin, guntun ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo harshen, haƙoran wannan gefe su rabu, na wancan gefe su haɗu. In wuta ta ɗauke, sifirin ya mayar da harshen inda yake. Ƙarar "ƙas" da ake ji in an danna maɓallin magana, motsin harshen nan ne.

Akwai aiki na biyu da rile ke yi. Duk na'urar da ke aikawa a megahaz 7, alal misali, tana kuma haifar da wasu 'ya'yan amo a ninkin wannan lamba, watau a 14 da 21, haka har gaba. Waɗannan ba a son su fita, domin suna shiga zangon wasu su dame su. Saboda haka ake sa mataci, wanda ke barin uwar ta wuce ya tare 'ya'yan, kuma kowane zango da matacinsa. Rile ne ke zaɓar wanda za a bi. A 2018 masu amfani da uBITX suka auna, suka ga 'ya'yan amon nan suna tsallake mataci ta cikin rile ɗin kansa, saboda kusancin ƙarafan da ke ciki da yadda aka shimfiɗa hanyoyin fanel. Wasu suka cire na asali suka sa wani iri, daga baya kuma aka sake tsarin fanel ɗin. Darasin da ke nan shi ne, a aikin rediyo, ƙarfe biyu da ke kusa da juna suna iya miƙa wa juna saƙo ko da ba su taɓa juna ba.

Lalacewar rile iri uku ce galibi. Na farko, naɗin ya tsinke. Sai a danna, shiru, babu ƙas. Na biyu, haƙoran su ƙone ko su manne, saboda tartsatsin da ke tashi in sun rabu alhali wuta mai ƙarfi na wucewa. Na uku, wanda ya fi wahalar ganewa, shi ne wata 'yar tsatsa ko dauɗa ta rufe haƙoran. Saƙon aikawa yana da ƙarfin da zai huda ta ya wuce, amma na karɓa ba shi da shi. Sai rediyo ya kurumce, in an ƙwanƙwasa shi ko an danna maɓallin magana sau biyu ya dawo, anjima ya sake kurumcewa. Ƙurar hunturu da zafin bazara irin namu suna gaggauta wannan, musamman ga rile wanda ba a liƙe murfinsa ba.

Kafin a taɓa ƙarfe mai zafi, wajibi ne a tabbatar da mai laifi. A sa mita a ƙafafun naɗin: ƙaramin rile na bolt 12 yakan nuna tsakanin om 300 zuwa om 1,000, in mita ba ta motsa ba, naɗin ya tsinke. A auna haƙoran da ke haɗe: ya kamata su nuna ƙasa da om 1, kuma lambar ta tsaya cik ko an ƙwanƙwasa. Sa'an nan a duba liƙin ƙafafun da gilashin ƙara girma, domin sau da yawa rile lafiyarsa lau, liƙin ne ya tsage ya yi zobe kewaye da ƙafa. Wannan ɗigon dalma ɗaya ya ishe shi.

4.0 Dalma, Kuza da Sinadari

Zaren da mai gyara ke narkawa, wanda a kasuwa ake ce wa lid, ba dalma ce zalla ba. Gauraye ne na kuza da dalma, galibi kashi 60 kuza, kashi 40 dalma. Ga wani abin mamaki: dalma ita kaɗai sai ta kai digiri 327 take narkewa, kuza kuma digiri 232, amma in aka haɗa kashi 63 na kuza da kashi 37 na dalma, a digiri 183 kacal za su narke. Wannan sauƙin narkewa shi ya sa aka daɗe ana son gaurayen.

A tsakiyar zaren akwai wani ƙaro da ake samu daga itace, shi ne ke yin hayaƙi da ƙamshi. Aikinsa shi ne ya cinye tsatsar da ke fuskar jan ƙarfe, domin narkakkiyar dalma ba ta kama ƙarfe mai tsatsa. Sai ta dunƙule ta gangare kamar ruwa a bayan agwagwa. Ɗaliban harshe su lura da wannan: kalmar sinadari, wadda yau muke amfani da ita ga kowane haɗi na kimiyya, a bakin maƙeran farfaru abin liƙa ƙarfe da ƙarfe take nufi. Watau kalmar daga maƙera ta fito ta shiga ɗakin gwaje-gwaje, kuma a bencin mai gyaran rediyo ta koma gidansu.

Tun daga 1 ga Yuli 2006 Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin sababbin kayan lantarki. Abin da ya maye gurbinta shi ne kuza da ɗan azurfa da ɗan jan ƙarfe, wanda ke narkewa wajen digiri 217. Saboda haka mai gyara a yau yana gamuwa da iri biyu: tsofaffin kaya masu liƙi mai sheƙi da saurin narkewa, da sababbi masu liƙi mai dushi-dushi da taurin kai.

5.0 Cirewa da Sakawa

Abin da ya kamata mai gyara ya sa a ransa shi ne, ba rile yake ceto ba, fanel yake ceto. Rile kuɗinsa kaɗan ne. Fanel kuwa hanyoyin wutarsa jan ƙarfe ne mai kaurin kimanin kashi 1 cikin 30 na milimita, an manna shi da gam, kuma zafi mai daɗewa yana kashe gam ɗin. A fanel mai fuska biyu, kowane rami yana da ɗan bututun jan ƙarfe a cikinsa wanda ke haɗa sama da ƙasa. In aka fizgo ƙafa da ƙarfi, bututun ya biyo ta, an yanke hanyar da ido ba ya gani. Ga matakan aikin:

Na ɗaya, a cire batir da eriya, a sauke wutar da ta rage a manyan kondensa. Tsofaffin na'urori masu kwalba suna riƙe ɗaruruwan bolt bayan an kashe su, kuma suna iya kisa. A lokacin hunturu, sa'ad da riga ke tartsatsi, mutum ya taɓa ƙarfen jikin na'urar kafin ya taɓa fanel, don wutar da jiki ke tarawa tana ƙone wasu tiransisto.

Na biyu, a zana hoton yadda tsohon yake zaune, ko a ɗauke shi da waya, a kuma rubuta lambarsa.

Na uku, a ƙara sabuwar dalma a kowace ƙafa. Wannan yana kama da aikin baya, amma shi ne sirrin. Tsohon liƙi ya bushe, ba ya karɓar zafi. Sabuwar dalma da ƙaronta su ke kai zafi har ƙasan ramin, kuma suna sassauta liƙin da ba shi da dalma.

Na huɗu, a ɗora bakin ƙarfe mai tsabta, mai zafin digiri 330 zuwa 370, a jira daƙiƙa 3 ko 4 har liƙin ya narke duka, sa'an nan a zuƙe shi da famfon zuƙa. Abin da ya rage a tsotse shi da saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe da aka shafa wa ƙaro. In bai fita ba, kada a ci gaba da gasawa; a bari ya huce, a ƙara dalma, a sake. Mutane da yawa suna zaton ƙarfe mai sanyi-sanyi ya fi aminci. Ba haka ba ne: ƙarfen da bai yi zafi sosai ba shi ke sa a daɗe a wuri ɗaya har fanel ya tashi. Ƙafar da ke haɗe da faffaɗan jan ƙarfe tana shanye zafi, ita sai baki mai faɗi.

Na biyar, a motsa kowace ƙafa da ɗan hantsaki. Wadda ta saki za ta yi rawa a raminta. Sai duk sun saki rile zai fito da kansa. Ba a sa sukuddireba a ƙarƙashinsa a ɓanɓaro.

Idan ƙafafun sun yi yawa, takwas ko goma, kuma an tabbata rile ɗin ya mutu, hanya mafi aminci ita ce a sadaukar da shi: a farfasa murfinsa da abin yanka a hankali, a raba ƙafafun, a zare su ɗaya bayan ɗaya. Ramin da ya toshe kuma a narka shi a zura tsinken sakace ko allurar da dalma ba ta kamawa.

Wajen zaɓen sabo, kama da ido ba ta isa ba. Dole ƙarfin naɗin ya zo ɗaya, don na bolt 5 zai ƙone a gurbin na bolt 12, na bolt 24 kuwa ba zai motsa ba. Dole tsarin ƙafafu ya zo ɗaya. Wasu suna da gefen da wuta ke shiga, in an juya ba sa aiki. Wasu kuma irin masu maƙalewa ne, in sun juya sai an sake turo musu wuta su dawo. A kuma duba ɗan diyod da ke gicciye da naɗin, domin shi ke shanye wutar da naɗin ke tofarwa in an kashe shi. In ya mutu, tiransiston da ke tuƙa rile ɗin ba zai daɗe ba. Wannan ya fi muhimmanci ga mai gyara a Gummi ko Anka, wanda kayan gyara ke zo masa daga nesa, kuma sau da yawa daga jikin matacciyar na'ura yake ciro su.

In an saka, a liƙa ƙafa biyu na kusurwa tukuna, a ga ya zauna daram, sa'an nan sauran. Gwajin farko kuwa ba a kan eriya ake yinsa ba, sai a kan rezisto na om 50 mai jure zafi, don kada a watsa ɓarna a iska.

6.0 Darasin Anka da Bukkuyum

Yanzu sai mu koma ga ɗigon da famfon zuƙa ya tofar a ƙasa. Ina yake zuwa?

A farkon 2010, a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, agwagi suka soma mutuwa, sa'an nan ƙananan yara suka shiga amai da ciwon ciki da taune-taune, suna mutuwa. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, watau MSF, suka lura da abin. Maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau bai yi aiki ba. Da aka auna jini, sai aka ga dalma ce.

Asalin abin zinariya ce. Farashinta a kasuwar duniya ya tashi daga wajen dala 600 kowane oza a 2006 zuwa fiye da dala 1,200 a 2010. Manoma suka koma haƙa. Dutsen da ake haƙowa a yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, ciki har da irin dutsen nan mai ƙyalli da muke kira kwalli. Aka riƙa kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Binciken da masana na Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa kashi 25 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu a cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka auna suna da maikirogiram 45 ko fiye a kowane desilita na jini, watau matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba. A jimlace yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Sunayen Dareta, da Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Duza, da 'Yargalma, da Tungar Guru sun shiga jaridun duniya. An kankare fuskar ƙasar gidajen waɗannan ƙauyuka aka binne, aka zuba sabuwa, a 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013. A 2015 kuma irin wannan ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Me ya sa yara? Domin jiki yana ɗaukar dalma a matsayin sinadarin gina ƙashi, ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa. Hanjin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da na babba ke tsotsewa, kuma hannunsa kullum yana bakinsa. Mace mai ciki tana miƙa ta ga ɗan tayi. Magani yana iya rage ta a jini, amma ba ya mayar da basirar da ta riga ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani mataki na dalma a jini da za a ce ba shi da lahani.

Gaskiya ita ce, bencin mai gyaran rediyo ba ramin zinariya ba ne, kuma ba liƙin waya ne ya kashe yaran Dareta ba. Tazarar yawan dalmar tana da girma ƙwarai. Amma ƙarfen ɗaya ne, hanyar shigarsa ma ɗaya ce, watau daga ƙura zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. A nan akwai kuskuren fahimta da ya kamata a gyara. Hayaƙin da ke tashi daga bakin ƙarfe ba dalma ba ce, domin dalma sai ta haura digiri 1,700 take tafasa. Hayaƙin ƙaro ne, kuma shi nasa lahanin a ƙirji yake, yana jawo asma. Dalmar tana kan yatsu, da ɓurɓushin da ke benci, da dattin da ake sharewa. Mai gyaran da ke riƙe zaren lid da haƙoransa don hannayensa biyu na aiki, ko ya ɓare goro bai wanke hannu ba, yana cin ta kai tsaye. Wanda kuma ya ɗora tsohon fanel a kan garwashi don kayan su zubo, ko ya fasa batirin mota ko na sola ya narka abin da ke ciki, wannan ya shiga wani babi mafi muni, don a irin wannan wuta dalma tana bin hayaƙi da toka.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Ga mai gyara, ƙa'idojin ba su bukatar kuɗi. Kada a yi aikin a ɗakin kwana ko tsakar gida. Kada a sa lid a baki, kada a ci ko a sha a kan benci. A wanke hannu da sabulu kafin abinci da kafin ɗaukar yaro. A tara ɓurɓushi a gwangwani mai murfi, a goge benci da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya. A bar rigar aiki a shago. A zauna inda iska ke kore hayaƙi daga fuska. Ubangida kuma ya tuna yaran shagonsa amana ce, kada ya sa ƙaramin cikinsu sharar dattin.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na lafiya da ilmi a ƙananan hukumomi, akwai abu uku. A sa wannan bayani cikin darussan makarantun koyon sana'a, da Hausa. A shiga ta hannun ƙungiyoyin masu gyara na kasuwanni, don maganar shugabansu ta fi takardar ofis shiga kunne. Kuma ƙwarewar auna dalma a jini da aka samu a Anka bayan 2010 kada a bari ta mutu. A faɗaɗa ta ta kai ga masu batir da masu gyara da iyalansu.

Ga ɗalibai kuwa, aiki yana jiranku a rumfunan kasuwa. Ku je da littafi da alƙalami ku tattara kalmomin da masu sana'a suka riga suka ƙirƙira, kamar oba-oba da fanel da lid, ku tantance ma'anarsu, ku rubuta ƙananan littattafan koyarwa da su. Kalmar da aka ƙaga a ofis ba tare da mai sana'a ba, a ofis take kwana.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda ɗan makunnin da bai fi ƙwayar dabino ba yake iya kurumtar da na'ura gaba ɗaya, mun ga yadda ake gane laifinsa da mita kafin a hukunta shi, da yadda ake cire shi ba tare da an kashe fanel ba. Mun kuma ga cewa ƙarfen da ke sauƙaƙa wannan aiki shi ne wanda ya yi wa Anka da Bukkuyum ɓarnar da har yanzu iyaye ke ɗauke da ita. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sana'ar gyara sana'a ce mai daraja, ƙasar da kayanta ke zuwa daga nesa ba ta iya rabuwa da ita. Abin da ake bukata shi ne mai yin ta ya koma gida da kuɗin cefane, ya bar dalma a shago.